Fashin Baƙi: “Na Ƙi” ko “Na Hana”? Kalmomin Turanci na Taka wa Doka Birki

Me ya sa ƙasa ɗaya tak za ta ɗaga hannu a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasashe goma sha huɗu su tashi a tutar babu, amma idan shugaban Najeriya ya ƙi sa hannu a kan ƙudurin doka sai a ce da sauran magana? Ai duka biyun abu ɗaya muke ji a rediyo: an hau kujerar naƙi.

Wani tela da muke zama teburin mai shayi ɗaya ne ya jefo mini wannan tambaya, a daren 18 ga Nuwamba, 2024. Yana da 'yan uwa a Sudan, cikin Hausawan da kakanninsu suka yada zango a can kan hanyar Makka, kuma ya yi watanni bai ji ɗuriyarsu ba. A ranar ne Birtaniya da Saliyo suka kai daftarin da ke neman a tsagaita wuta a kuma kare fararen hula. Ƙasashe 14 suka amince, Rasha ta ƙi, magana ta mutu. Ya ajiye kofinsa bai sha ba, ya ce da ni, “Malam, to ba za su sake ƙuri'a su rinjaye ta ba? Ba haka ake yi a majalisarmu ba?”

Amsar ita ce a'a, kuma dalilin yana cikin kalmomi. Turancin doka yana da kalmomi da yawa na ƙin abu a hukumance, kowace da mai ikon furta ta da iyakar ƙarfinta. Mu kuma idan labari ya iso, yawanci kalmomi uku muke raba musu: watsi, sokewa, da kujerar naƙi. Ba gazawar Hausa ba ce, saurin fassara ne. Amma a cikin saurin nan abin da mai sauraro ya fi bukata yake zubewa: wa ya ce a'a, kuma ƙofar a kulle take ko a saye?

Asalin kalmar *veto*

Kalmar *veto* ba ta Ingilishi ba ce tun asali. Latinanci ce, harshen tsoffin Rumawa, kuma ma'anarta “na hana”. Wajen shekara ta 494 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam, talakawan birnin Rum suka gaji da danniyar masu sarauta da nauyin bashi, suka kwashe suka bar gari. Da aka ga babu mai noma babu mai yaƙi, aka nemi sulhu, aka ba su damar naɗa wakilansu da ke da ikon tsayar da matakin mahukunta. An haramta taɓa jikin waɗannan wakilai, kuma ƙofar gidansu ba a rufe ta dare da rana, domin wanda aka zalunta ya samu wurin gudu. Wato ikon hanawa ya fara ne a matsayin garkuwar marar ƙarfi.

Wanda ya fara fassara *veto* da kujerar naƙi ya yi gwaninta. Dubi ginin kalmomin biyu: a Latinanci mutum ne ke magana da bakinsa, “na hana”, sai furucin ya zama sunan abin. A Hausa ma haka, “na ƙi” ya dunƙule ya zama naƙi. Sai dai duk Bahaushe ya san ƙi daban, hani daban. Idan na ƙi cin tuwo, cikina kaɗai abin ya shafa, sauran 'yan gida za su ci su ƙoshi. Idan na hana a ɗora tukunya, kowa zai kwana da yunwa. Duk kalmomin da za mu bi a nan, a tsakanin waɗannan biyun suke: wasu ƙi ne da za a iya tsallakewa, wasu hani ne da ke ɗaure kowa.

Tarihi ya nuna abin da hani marar iyaka ke jawowa. A tsohuwar majalisar ƙasar Foland akwai al'adar da ake kira *liberum veto*, inda ɗan majalisa guda zai miƙe ya ce bai yarda ba, zaman ya watse, har dokokin da aka riga aka amince da su a zaman su rushe. An fara aiki da ita a 1652. Maƙwabta masu ƙarfi suka gane cewa sayen mutum ɗaya ya isa a gurgunta ƙasa. An soke al'adar a 1791, amma aikin gama ya gama: zuwa 1795 Rasha da Furushiya da Ostiriya sun raba ƙasar a tsakaninsu, kuma ba ta dawo taswira ba sai 1918.

Kujeru biyar na Kwamitin Sulhu

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kalmar *veto* ba ta cikin kundin Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin da sashe na 27 ya ce shi ne, kafin ƙuduri ya wuce sai ya samu ƙuri'u tara cikin 15, har da amincewar ƙasashe biyar masu kujerar dindindin: Amurka, Rasha, Sin, Birtaniya da Faransa. Daga wannan sharaɗi ne ikon ya fito. Idan ɗaya cikin biyar ɗin ta ce a'a, ko sauran 14 sun haɗa baki, daftarin ya faɗi. Babu ɗaukaka ƙara, babu sake ƙuri'a da rinjaye mafi girma. Wannan shi ne “na hana” tsagwaronsa.

Akwai kalma ta biyu da ake yawan cakuɗawa da ita, wato *abstain*, ƙaurace wa ƙuri'a. Ƙasa tana zaune a zauren, amma ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. A al'adar Kwamitin, ƙauracewar mai kujerar dindindin ba ta kashe ƙuduri. Yaƙin Gaza ya nuna bambancin ƙarara. Ranar 20 ga Fabrairu, 2024, Aljeriya ta kai daftarin tsagaita wuta: 13 suka amince, Birtaniya ta ƙaurace, Amurka ta ce a'a, daftarin ya mutu. Ranar 25 ga Maris, cikin azumi, aka sake kai wani: 14 suka amince, Amurka ta ƙaurace, sai ya wuce ya zama ƙuduri mai lamba 2728. A labaran Hausa duka biyun ana iya cewa Amurka ba ta goyi baya ba, alhali a na farko ta rufe ƙofa, a na biyu ta matsa gefe ne kawai.

Ƙaurace wa zaman baki ɗaya ma ba hani ba ne. A 1950 Tarayyar Sobiyet tana fushi ba ta halartar zaman Kwamitin, sai aka yi amfani da rashinta aka amince da tura sojoji Koriya. Tun daga nan ba ta sake barin kujerarta haka ba. Ita ce kuma ta fara hawa kujerar naƙi, a Fabrairun 1946, kan batun janye sojojin Birtaniya da Faransa daga Siriya da Labanan. Amurka ba ta fara ba sai 1970, kuma a kan batun Afirka ne, wato Rodeshiya ta Kudu, Zimbabuwe ta yau. Birtaniya da Faransa rabonsu da yi tun 1989. Ikon bai tsaya kan yaƙi ba: a 1996 ƙasashe 14 sun so Boutros-Ghali na Masar ya zarce a matsayin babban sakatare, Amurka ta ƙi, sai kujerar ta faɗa hannun Kofi Annan na Gana. A Agustan 2023 kuma ƙuri'ar Rasha ce ta kawo ƙarshen takunkuman da Majalisar ta sa a kan batun Mali.

Masu kare wannan tsari suna da hujjarsu, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa ƙungiyar da ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya ta rushe ne a wani ɓangare saboda manyan ƙasashe ba su ga abin da zai riƙe su a ciki ba, Amurka ma ko shiga ba ta yi ba. A ganinsu, gara giwa ta zauna a zaure tana cewa a'a da ta fita waje tana tattake shuka. Suna kuma cewa naƙi wani lokaci kariya ce ga ƙaramar ƙasa daga katsalandan. Ko a batun Sudan ɗin nan, Rasha cewa ta yi daftarin yana tauye ikon gwamnatin ƙasar, kuma gwamnatin da sojoji ke jagoranta ta yaba mata.

Masu suka kuwa suna nuna gawarwakin Siriya da Gaza da Yukiren da Sudan, suna tambaya: wace irin kotu ce mai laifi ko ubangidansa ke da ikon hana a yanke hukunci? Ga Afirka akwai ƙarin ciwo. Lokacin da aka rubuta kundin a 1945, ƙasashen Afirka huɗu ne kacal a wurin: Masar, Habasha, Laberiya da Afirka ta Kudu. Sauran suna hannun Turawan mulkin mallaka. Shi ya sa a 2005 Tarayyar Afirka ta tsaya kan matsayar Ezulwini, ta nemi kujerun dindindin biyu masu cikakken iko, har da na naƙi muddin wasu na riƙe da shi. A Satumbar 2024 Amurka ta ce tana goyon bayan kujeru biyun, amma ban da ikon naƙi. Ni a ganina wannan kujera ce marar ƙafa ɗaya, kuma Afirka ta yi daidai da ba ta yi rawar kai a kanta ba. Babbar matsalar ita ce, gyaran kundin kansa ba ya tabbata sai biyar ɗin duk sun amince. Makullin ɗakin yana cikin ɗakin.

Abin da ya rage wa sauran duniya shi ne Babban Zaure, inda kowace ƙasa ke da ƙuri'a ɗaya. Tun Afrilun 2022, duk lokacin da aka hau kujerar naƙi, Babban Zauren zai zauna cikin kwanakin aiki goma a tattauna, a ba wadda ta hau damar bayani. Abin kunyatarwa ne, yana kuma da amfaninsa, amma ƙudurorin Babban Zaure ba su da ƙarfin tilastawa. Wannan na faɗa wa telan nan, ya yi shiru.

Idan shugaban ƙasa ya riƙe alƙalaminsa

A nan ne telan ya yi gaskiya: a majalisarmu ana iya rinjayar mai naƙi. Kundin tsarin mulkin 1999 bai ce *veto* ba a wannan gaɓa, cewa ya yi *withhold assent*, wato riƙe amincewa. Sashe na 58 ya ba shugaban ƙasa kwana 30 daga ranar da aka kai masa ƙuduri, ya sa hannu ko ya bayyana cewa ya riƙe. Idan ya riƙe, majalisun biyu na iya sake zartar da shi da kashi biyu cikin uku, sai ya zama doka ba tare da sa hannunsa ba. Wannan shi ake kira *override*, wato tsallake shugaban. In aka lissafa da dukan kujeru, ana bukatar sanatoci 73 cikin 109 da 'yan majalisar wakilai 240 cikin 360. Gwamnoni ma haka abin yake tsakaninsu da majalisun jihohi, a sashe na 100.

Saboda haka naƙin shugaban Najeriya ƙi ne, ba hani ba. An taɓa tsallake shi: a 2000 majalisa ta zartar da dokar kafa hukumar raya yankin Neja Dalta bayan Obasanjo ya ƙi sa hannu. Amma abu ne da ba kasafai ake gani ba. A 2015 Jonathan ya ƙi sa hannu a kan gyaran kundin tsarin mulki da aka shafe shekaru ana aiki a kansa, ya tafi a haka. Buhari ya mayar da gyaran dokar zaɓe sau da dama a 2018, na ƙarshe a Disamba, yana cewa zaɓe ya matso da yawa. A Disambar 2021 ya sake mayarwa saboda an tilasta wa jam'iyyu zaɓen fitar da gwani na ƙato bayan ƙato. Wasu sanatoci sun yi ta maganar tara sa hannu don a tsallake shi, amma a ƙarshe majalisa ta gyara, ta bar wa jam'iyyu zaɓi tsakanin ƙato bayan ƙato da daliget da sasanci, shi kuma ya rattaba hannu ranar 25 ga Fabrairu, 2022.

Ga inda rashin sanin kalmar ke cutar da mai zaɓe. Ɗan majalisa zai dawo mazaɓa ya ce, “Mu mun yi namu, shugaban ƙasa ne ya hau kujerar naƙi.” Jama'a su gyaɗa kai, don a tunaninsu irin ta Rasha ce, wadda babu yadda za a yi da ita. Alhali kundin ya ba shi da abokan aikinsa hanyar wucewa. In ba su bi ta ba, ko dai ba su da yawan da ake bukata, ko ba sa son ɓata wa fadar shugaban ƙasa, ko kuma tun farko ba da gaske suke ba. Kowanne ne, tambaya ce da ya dace a yi masa ido da ido.

Daga Amurka muka kwaso wannan tsari a 1979, amma da bambanci mai muhimmanci kan shiru. A can shugaban yana da kwana goma, ban da Lahadi. In ya yi gum, ƙudurin ya zama doka da kansa. Sai fa idan majalisa ta tashi cikin kwanakin nan ta yadda ba za a iya mayar mata ba, to shirun ya kashe shi, kuma babu damar tsallakewa. Wannan shi ne *pocket veto*, kamar a ce ya cusa takardar a aljihu. Franklin Roosevelt, wanda ya fi kowane shugaban Amurka hawa kujerar naƙi, sau 635, ya yi 263 daga ciki ta wannan hanya. A Kenya ma shiru amincewa ne bayan kwana 14. A Najeriya kuwa shiru ba ya haifar da doka, kuma yawanci ƙudurin da wa'adin majalisa ya ƙare bai samu sa hannu ba, sai sabuwar majalisa ta sake ɗauko shi. Ƙudurori da yawa ta haka suke mutuwa, babu wasiƙa babu bayani.

A Ingila sarki yana da ikon ƙin amincewa a takarda, amma rabon da a yi tun 1708, zamanin Sarauniya Anne.

Mutuwar ƙuduri a cikin zauren majalisa

Yawancin ƙudurori ba sa ma kai wa teburin shugaba. Hanya mafi sauƙin ganewa ita ce *reject* ko *vote down*: a yi ƙuri'a, masu a'a su yi rinjaye. Haka Majalisar Dattawa ta yi wa tazarcen Obasanjo ranar 16 ga Mayu, 2006, ƙarƙashin shugabanta Ken Nnamani, ana nunawa kai tsaye a talabijin. Tare da tazarcen, sauran gyare-gyare fiye da ɗari da aka ɗaure a ƙunshi ɗaya suka bi ruwa. Wannan watsi ne na gaskiya.

Amma idan ka ji an ce *stepped down*, jinginewa aka yi. Ƙudurin yana nan da ransa, ana iya dawo da shi gobe ko baɗi. Sau da yawa idan jama'a suka yi ca a kan wani ƙuduri, jingine shi ake yi har ƙura ta lafa. Wanda ya ji “an yi watsi” zai naɗe tabarmarsa ya koma gida, wanda ya ji “an jingine” zai bar ido ɗaya a buɗe.

Kalmar *table* kuwa har Turawan kansu ta rikita. A Ingila, da mu da muka gaji salonsu, ajiye takarda a tebur na nufin gabatar da ita don a tattauna. A Amurka akasin haka take nufi: a ture ta gefe. Churchill, tsohon firaministan Birtaniya, ya ba da labarin yadda a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu hafsoshin Birtaniya da na Amurka suka yi ta musu a kan wata takardar gaggawa, waɗannan na cewa a sa ta a tebur, waɗancan na cewa sam, kafin su gane abu ɗaya suke so. Mai fassara labarin majalisar Amurka da bai san wannan ba zai juya labarin kai ƙasa.

Sai *filibuster*, wadda ba ƙi ba ce a fili, cinye lokaci ne. Asalin kalmar sunan 'yan fashin teku ne. A Majalisar Dattawan Amurka muhawara ba ta da iyaka sai an kaɗa ƙuri'ar rufe ta, wadda ake kira *cloture*, kuma tun 1975 sai sanatoci 60 cikin 100 sun yarda. Ma'ana 41 sun isa su hana 59 kai wa ga ƙuri'a a kan yawancin dokoki. A 1957 Sanata Strom Thurmond ya tsaya yana magana awa 24 da minti 18 don ya tare dokar kare haƙƙin baƙaƙen fata. Da wannan makami aka shafe shekaru ana toshe dokar hukunta masu kashe baƙaƙe ta hanyar ɗaukar doka a hannu, ba ta tabbata a matakin tarayya ba sai 2022. Masu kare tsarin na cewa yana tilasta wa masu rinjaye su saurari marasa rinjaye. Wannan gaskiya ne, amma wanda ya karanta tarihin waɗanda aka fi yi wa amfani da shi ba zai iya kallonsa da sanyin zuciya ba.

“An soke”: wa ya soke, da wane iko?

Duk abin da ya gabata kan ƙudurin da bai zama doka ba ne. Idan ya riga ya zama, kalmomin sun sauya, mu kuma duka “sokewa” muke ce musu.

*Repeal* aikin majalisa ne: ita ta yi doka, ita ta warware ta da wata dokar. Misali na kusa shi ne Kano, inda dokar 2019 ta ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye, sai majalisar jiha ta warware ta a Mayun 2024, gwamna ya sa hannu. Warwarewa ba ta cewa dokar farko haramtacciya ce tun asali, cewa take daga yau ta daina aiki.

*Strike down* aikin kotu ne, kuma ya fi zurfi. Sashe na 1 na kundinmu ya ce duk dokar da ta ci karo da shi, ta ɓaci gwargwadon cin karon. Shi ya sa kotu kan rushe sakin layi guda ta bar sauran dokar a tsaye, abin da kanun labarai ba sa yawan fayyacewa. Kotu na iya rushe umarnin gwamnati ma. Ranar 3 ga Maris, 2023, a ƙarar da Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigarwa, Kotun Ƙoli ta ce tsoffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 su ci gaba da aiki har ƙarshen shekarar. Duk wanda ya shiga kasuwa a makon nan ya ga tazarar da ke tsakanin hukunci da aiwatarwa: mai tumatur tana jujjuya tsohuwar ɗari biyar a hannu, ta miƙo maka abarka, ta ce sai ta ji daga bakin Babban Banki. Sai da bankin ya yi magana bayan kwana goma sannan hankali ya kwanta.

*Annul* kuma shafewa ce, a ɗauka abin bai taɓa faruwa ba. Ita gwamnatin Babangida ta yi wa zaɓen 12 ga Yuni, 1993. Ita kuma Kotun Ƙolin Kenya ta yi wa zaɓen shugaban ƙasa ranar 1 ga Satumba, 2017, ta ce a sake cikin kwana 60. Kalma ɗaya ce a Turanci da Hausa, amma ɗaya ta fito daga bakin bindiga, ɗaya daga alƙalan da suka saurari hujjoji a bainar jama'a.

Kalmomi biyu da suka fi shafar talaka

Kujerar naƙi ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana nesa da yawancinmu. Waɗanda ke kusa su ne *struck out* da *dismissed*, da ake ji kullum a kotunanmu, kuma duka biyun cewa muke “an kori ƙara”.

Idan kotu ta ce *dismissed* bayan ta saurari shari'a, ta auna hujja ta ga ba ka da gaskiya. Ba za ka sake kawo wannan magana a kan wannan mutum ba, sai dai ka ɗaukaka ƙara, ita ma cikin wa'adi. Idan ta ce *struck out*, yawanci ba ta shiga cikin maganar ba. Ta cire ƙarar daga jerinta ne saboda wani dalili na tsari: ba ka zo ba, ko takardu ba su cika ba, ko ba kotun da ta dace ka je ba. Kana iya neman a maido da ita, ko ka gyara ka sake shigarwa, muddin lokacin da doka ta ɗiba bai wuce ba. Har shugaban ƙasa abin ya taɓa samu: a Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta cire ƙarar da Buhari da ministan shari'arsa suka kai a kan sashe na 84(12) na dokar zaɓen da shi da kansa ya sa wa hannu, sashen kuma ya ci gaba da zama a dokar.

Wani ƙanen mahaifiyata ya yi shari'ar fili a babbar kotu. Rannan lauyansa bai zo ba, shi kuma yana zaune a bencin baya bai fahimci abin da alƙali ya faɗa ba, minti biyu aka kira ta gaba. A bakin ƙofa wani ma'aikaci ya ce masa, “Baba, an kori ƙararku.” Ya dawo gida ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, ya naɗe takardun a leda ya jefa ƙasan akwati. Ya ɗauka an auna an ga ba shi da gaskiya, kuma wannan ya fi rashin filin yi masa ciwo, don mutum ne da ba ya cin haƙƙin kowa.

Bayan shekara uku, ɗan maƙwabcinsa da ya gama karatun lauya ya zo gaishe shi, hira ta kawo maganar, ya ce a ɗauko takardun. Ya karanta layi biyu ya ɗago kai.

“Baba, wa ya ce muku kun faɗi? Ai ba a ma saurari shari'ar ba. Cire ta aka yi don ba a ga lauyanku ba. Da a makon kuka koma, takarda ɗaya za a rubuta a maido da ita.”

Kawu ya karɓi takardar ya riƙe, ya daɗe yana kallon rubutun da ba ya iya karantawa. Washegari muka je ganin filin tare. Mun tarar an yi gini har an kai linta, magina na ɗora katakon rufi.